Kafin Fenti, A Tambayi Ruwa

Ɗana, kai da ka ɗauki guntun katako da wuƙa ka ce za ka sassaƙa wa ƙanenka jirgin ruwa na wasa, Allah ya yi maka albarka. Ke ma 'yata, da kika tsaya a gefe kina leƙe kina jin kamar aikin ba naki ba ne, matso kusa, maganar ta haɗa da ke. A zamanin da kayan wasan roba suka cika kasuwa, waɗanda ake saya da safe su fashe kafin la'asar, duk yaron da ya ce shi da hannunsa zai ƙera nasa ya cancanci a zauna da shi a gaya masa abin da aka sani.

Na daɗe ina kallon yara suna wannan aiki, kuma kusan dukansu wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sun saba da motar kara da ta langa-langa, wadda ko tayarta ta karkace za a ja ta da igiya ta bi, a yi dariya a wuce. Sai su ɗauka jirgi ma haka yake. Su fara da abin da ido zai gani: ɗaki mai hawa biyu a sama, doguwar sanda da tuta, fenti ja da kore, har da suna a jiki. A ɗauke shi hoto da waya, abokai su yaba. Ranar da aka kai shi ruwa kuwa, kafin a ƙirga uku ya jirkice ya nuna wa sama cikinsa. Ruwa ba ya duba fenti, ba ya kuma jin kunyar mai aiki. Abin da yake tambaya shi ne wanda ke ƙasa, inda ba wanda ya ɗauka hoto.

Tun daga itacen za a fara. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma duk itacen da ya fi ruwa sauƙi zai taso, amma tasowar ta bambanta. Ƙirya, wadda ake taɓarya da gawayin maƙera da ita, nauyinta ya kusa na ruwa, ga taurin da zai dakusar maka da wuƙa tun ba ka je ko'ina ba. Maɗaci itacen jirgi ne na gaske, amma na manya ne masu gizago da ƙarfin damtse. Kai abin da ya dace da kai shi ne mai laushi, mara nauyi: rimi, ko gurjiya, ko malaina, ko farin katakon nan da 'yan katako ke kira obece, wanda bai kai rabin nauyin ruwa ba. Ba sai ka saya ba. Je wurin kafintan unguwarku ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi guntun da ya rage. Yawancinsu murhu suke kai wa irin waɗannan guntaye, kuma in ka faɗi abin da za ka yi da shi, sau da yawa shi da kansa zai tona ya zaɓo maka. Nemi mai tsawon kamar santimita 30, faɗi 9 ko 10, kauri 5 ko 6. Ka lura tsawon ya ninka faɗin sau uku ko kusa da haka. Mai son siriri don ya yi kama da jirgin tsere, shi ne wanda nasa ke fara kifewa.

Ka juya guntun ka duba ko'ina. In akwai idon reshe a tsakiya, ajiye shi, domin wurin yana da tauri, jijiyar itacen ta murɗe a kewayensa, kuma nan ne yake fara tsagewa. Sannan ya zama busasshe. Na san ɗanyen reshe ya fi daɗin yanka, wuƙa tana shiga ba gardama, shi ya sa yara ke hawa bishiyar maƙwabta su karyo. Ban da haƙƙin bishiyar da na mai ita, akwai hasara a ciki: ɗanyen itace cike yake da ruwa, in ya fara bushewa sai ya tsuke, kuma bayansa yana riga cikinsa bushewa. Jirgin da ka gama yau sumul, bayan mako biyu na hunturu za ka tarar ya dare daga goshi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ko tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba ta ishe shi.

Kada ka ɗauka wannan sana'a baƙuwa ce a ƙasarmu. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kamar mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, an sassaƙe shi daga gungumen itace ɗaya. Da aka auna shekarunsa aka samu ya haura 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa da kyau, aka rarake cikinsa har bangon ya yi siriri, a lokacin da ba a san ƙarfe ba balle zarto. Wanda ya yi wannan ba ranar ya fara ba, kuma ba shi ya ƙago ba, wani ya koya masa. Kai da ke da wuƙar ƙarfe da samfefa, ba ka da hujjar yin aikin ganin dama.

Kafin wuƙa ta taɓa katako, fensir ne zai fara. Ja layi a tsakiyar guntun, daga goshi zuwa baya, sama da ƙasa, ka haɗe shi ta kawunan biyu. Wannan layi shi ne alƙalinka har ka gama, duk lokacin da sassaƙa ta share shi ka sake ja. Sannan ka sami takarda ka ninka ta biyu, ka zana rabin jirgi a jikin ninkin, ka yanke da almakashi. In ka buɗe za ka ga hagu da dama sun zama daidai ba tare da ka auna komai ba. Ɗora ninkin takardar a kan layin tsakiya ka bi gefenta da fensir. Yara da yawa suna raina wannan mataki, su ce idonsu ya isa. Ido yana ruɗi, musamman idon wanda yake ɗokin ya gama. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: bambancin da bai kai faɗin farce ba tsakanin ɓangarorin biyu ya isa ya sa jirgi ya riƙa tafiya a karkace, ko ya yi ta zagaye a wuri ɗaya.

Ga wata dabara da ba kowa ke faɗa ba. Fara rarake ciki tun katakon yana da kusurwoyinsa huɗu, kafin ka fiƙe waje. Guntu mai kusurwa yana zama daram a ƙasa, ana iya tokare shi da wani katako da aka kafe da ƙusa. In ka riga ka zagaye ƙasansa, zai yi ta mirginawa, kuma abin da ke mirginawa a ƙarƙashin cizal hannu yake kai wa asibiti. In kafintan zai taimaka ya yi maka 'yan huje-huje a jere a cikin wurin da za a rarake, aikin ya ragu da rabi, sai dai ku ɗaura ɗan zare ko salatif a jikin abin hudar don kada ya zarce ya ɓula ƙasa. Bar bango mai kaurin kamar santimita 1 a gefe, ƙasan kuma ya fi haka kauri. Wannan kaurin na ƙasa zai yi maka amfani nan gaba.

Maganar wuƙa kuwa, a nan zan ɗan tsaya, domin na ga yatsu da yawa sun sha ɗinki a kan abin wasa. Mutane suna zaton dakusasshiyar wuƙa ce ta dace da yaro. Ita ce ma ta fi yanka mutum, domin sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame kuma da duk ƙarfin nan take tafiya. Mai kaifi a hankali ake tura ta, tana bin inda aka nufa. Wasa ta a dutse kafin ka fara, ka kuma sake in ka ji ta fara gardama. Ka riƙa yanka kana nesanta kaifin daga jikinka, hannayenka biyu suna bayan bakin wuƙa, kada ɗaya ya zauna a gabanta yana jira. Kada ka ɗora katako a cinya. Cikin cinya akwai babbar jijiyar jini, ba wurin wasa ba ne. Kuma ka ɗebi kaɗan-kaɗan. Abin da ka bari za ka iya cirewa gobe, wanda ka cire ya tafi ke nan. Itace kansa zai gaya maka ta inda yake so a bi: in ɓawon yana fita siriri yana naɗewa, kana kan hanya, in kuwa wuƙa tana nutsewa tana ɓantaro gutsure, ka saɓa wa jijiya, juya katakon ka biyo ta ɗaya gefen. In ka gaji ko ranka ya ɓaci, ajiye. Sannu ba ta hana zuwa.

Da zarar siffa ta fito, tun yana da kaushinsa, cika baho da ruwa ka saka shi. Kada ka jira sai an gama. Tsuguna har idonka ya zo daidai da fuskar ruwan ka duba. Ya karkata hagu? To hagun ya fi nama, rage daga ciki. Goshi ya dulmiya? Ƙara rarake gaba. Fitar da shi nan da nan ka goge, kada ya sha ruwa, ka gyara, ka sake gwadawa. Wannan kai da kawowa tsakanin wuƙa da baho shi ne ainihin aikin, sauran duk ado ne. In kana son ka ga abin mamaki, cika kwano fal har baki, ka ɗora shi cikin faranti, ka saka jirgin a hankali, ka tara ruwan da ya zuba ka auna a sikelin mai shago. Za ka samu nauyin ruwan daidai yake da nauyin jirgin. Wani Bagirke mai suna Arkimidis, mutumin tsibirin Sisili, shi ya bayyana wannan ƙa'ida sama da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ita ce ke ɗauke da jiragen ƙarfe da ke shiga tashar Apapa da kwantenoni. Abin da malamin kimiyya ya yi ta rubuta muku a allo kuna hamma, ga shi a bahon wankin mahaifiyarka.

Yanzu sai maganar bene da doguwar sanda. Kada ka ji kunya don kana sha'awarsu, sarakuna ma sun faɗa wannan rami. A 1628 ƙasar Suwidin ta gama gina wani jirgin yaƙi mai suna Vasa, na Sarki Gustaf Adolf. An jera masa igwa 64 a hawa biyu, an ƙawata shi da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe masu launi. Kafin ya tashi an gwada shi: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zuwa uku aka tsayar da su don jirgin yana neman kifewa tun yana ɗaure. An ga alamar ƙarara, amma sarki yana jira, ba wanda ya iya cewa a dakata. Ranar 10 ga Agusta ya tashi a gaban jama'ar Istokhom, bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kaɗa shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse da rayukan mutum kusan 30. Sai a 1961 aka ciro shi, yanzu yana gidan tarihi. Laifinsa ɗaya ne da na jirgin yaran unguwarku: nauyi ya yi yawa a sama, ya yi kaɗan a ƙasa. Saboda haka duk abin da za ka ɗora a sama ya zama mara nauyi. Ɗakin a yi shi da ɓargon kara ko gwangwala, sandar ta zama siririya kuma kada tsawonta ya wuce na jirgin, ƙyallen tutar kuma ɗan ƙarami. Bayan kowane ƙari, a koma baho. Ka tura shi gefe da yatsa ka saki. In ya miƙe da sauri, lafiya. In ya yi jinkiri kamar yana shawara, rage kaya.

Maganin jirgi mai rawa shi ne a ƙara masa nauyi a can ƙasa. Noti biyu ko uku, ko guntun rodi, a haƙa musu gurbi a kaurin nan da ka bari, a kan layin tsakiya daidai, a liƙe da gam. Roƙona gare ku ɗaya ne a nan: kada wani ya ce muku ku fasa tsohon batirin mota ku narka dalmar ciki. Gaskiya ne tana da nauyi kuma tana narkewa da sauƙi, amma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, ba ta kuma nuna kanta da wuri. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Abin wasa kuwa ƙarshensa bakin ƙaramin yaro. Don haka ma ragowar fentin mota ko na ƙofar ƙarfe da ba ka san abin da ke cikinsa ba, bar shi. Nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma.

In jirgin ya zauna daidai, yi masa gwajin kaya. Riƙa saka tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, kana kallon yadda bakinsa ke kusantar ruwa. Sannan ka kaɗa ruwan da hannu kaɗan. Za ka ga jirgin da yake zaune lafiya da kaya a ruwa mai kwanciya, igiyar ruwa ƙarama ta ishe ta cika shi. Rage tsakuwar har sai ya iya jure kaɗawar, ka sa alama da fensir inda ruwa ya tsaya. Manyan jiragen duniya duk suna da irin wannan layi a jikinsu, tun bayan da wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka har aka yi doka a 1876, saboda masu jirage suna cika su fiye da kima matuƙa suna hallaka. Mu kuwa har yau muna binne mutane a kan wannan. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da fasinjoji masu yawan gaske a Kogin Kwara kusa da Wara a jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, wani ya kife da mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. A duka biyun an ambaci lodi fiye da kima. Yaron da ya taɓa ganin tsakuwa ɗaya ta nutsar da jirginsa a baho, in ya girma ya zo bakin kogi ya ga kwale-kwale ya cika ana cewa a matsa a ƙara mutum biyu, ƙafarsa ba za ta yarda ta shiga ba, ko da kuwa za a yi masa dariya.

Sai yanzu fenti ya samu shiga. Bari katakon ya bushe sarai a inuwa, ka goge shi da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan 120, ka ƙare da 220, kullum kana bin tsawon jijiya. Shafa fentin siriri-siriri sau biyu ko uku, kana barin kowane shafi ya kwana ya bushe. Mai kauri ɗaya sama yake bushewa ya bar ciki danƙo, daga baya ya yamutse ya ɓare. Goshi da baya, inda aka yanke jijiyar itace a gicciye, su suka fi shan ruwa, a ƙara musu shafi. Cikin jirgin ma a shafe, duk da ba a ganinsa. Layin kayan nan da ka sa wa alama, ja shi da wani launi dabam.

In kana son ya yi tafiya da kansa, ba sai da batir ba. Kafa 'yan sanduna biyu su leƙo ta baya, ka ɗaura zaren roba tsakaninsu, irin wanda ake yankowa daga tsohon tib ɗin keke, ka soka ɗan falankin katako a tsakiyar robar ya zama filafili. Murɗa ka saki. In ya ja da baya, ka murɗa ta ɗaya wajen, shi ke nan.

Inda za a kai shi ma abin dubawa ne. Baho, ko kwalbatin da ruwan sama mai tsabta ke bi bai wuce idon sawu ba, sun wadatar. Kududdufin bayan gari da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini suna cin yara duk damina, domin bakinsu santsi ne kuma zurfinsu ba ya nuna kansa. Ga tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance mai dodon koɗi. Ɗaura wa jirgin dogon zare a goshi. In zaren ya tsinke iska ta tafi da shi tsakiya, bar shi ya tafi, takardar da ka yanka tana nan, wani katakon ma yana nan. Kuma in ƙanen naka bai wuce shekara uku ba, kada ka bar shi shi kaɗai ko da bahon ne, ka kuma cire duk wani ƙaramin abu da zai iya ɓallewa ya haɗiye.

'Yata, na ce maganar ta haɗa da ke. Hannun da ya iya zanen hula, yana ƙirga zare ɗaya-ɗaya ba ya ɓata, ya riga ya mallaki abin da wannan aiki ya fi buƙata. Na sha ganin 'yan mata sun fi maza kiyaye layin tsakiya, don ba su cika gaggawar nuna wa kowa ba. Dukanku kuma, in Allah ya kai ku Yawuri ko Argungu ko bakin Binuwai, kada kallonku ya tsaya a kan masu tsere da masu su. Ku nemi inda ake gyaran jirage a bakin ruwa, ku gaida masu aikin, ku tambaye su me ya sa ƙasan wannan shimfiɗaɗɗe ne, da me suke toshe tsaga, wane itace ne ya fi jure ruwa a wurinsu. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu sana'ar hannu suna son yaron da ya zo da tambaya mai ma'ana.

Bayan kowane wasa a zubar da ruwan ciki, a goge, a kife shi a inuwa. Rana tana busar da waje da sauri ta bar ciki da laima, nan tsaga ke farawa. In ta fito duk da haka, kwaɓa garin katako mai laushi da gam ɗin kafinta, ka cusa, ka bari ya bushe, ka goge ka sake shafa fenti a wurin. A bayan takardar zanen kuma rubuta tsawo da faɗi da irin itacen da yawan notin da ka saka, da abin da jirgin ya yi a ruwa, don in za ka yi na biyu ka san abin da za ka canza.